Birjininka Ko Kaushi Ba Ta Da Shi

Badamagare, bawan Kanawa, uwargijiyarka na gaishe ka. Ka gaida uwargida, ka ce mata ina jinjina wa haƙurinta, don ba kowace mace ce za ta iya zama da kishiyar da ke cikin littafi ba. Kishiyar tsakar gida ko ba komai tana tsufa, tana ƙona miya, wata rana a ji ta tana minshari. Ita kuwa wannan tun 1788 take budurwa.

Labari ya iso Kano cewa har yanzu ba ka warke ba. An ce duk shekara sai ka ɗora wa 'yan lakwal ɗinka, wato ɗalibanka na boko, karatun Paul et Virginie, kuma da ka kai inda jirgi ya fashe sai murya ta sarƙe, ka cire tabarau ka shiga goge shi da bakin riga, yara na ƙunshe dariya a bayan littafi. Wannan bai dame ni ba, ido naka ne, hawaye naka ne. Abin da ya taso ni shi ne wai ka ce in aka tara duk littattafan soyayyar da Kano ta buga aka ɗora a sikeli, ba za su kai nauyin farcen Birjini ba. Tunda ka taɓo Kano, sai ka gyara zama.

Abin kunyar ma, kai jikan mutanen Kuran Daga ne. Kullum da shi kuke mana gori, wai ya kawo wa Sarki Alu yaƙi har cikin ƙasar Kano, wai sarkinku Tanimu ya ƙera igwa tun ba mu san ƙararta ba. A 1898 Kyaftin Cazemajou na Faransa ya shiga Damagaram da ƙafarsa, bai fito da ita ba. Yau ga jikansu, wani Bafaranshe da ya mutu tun 1814 ya kama shi ba harsashi ba bulala, da ɗan siririn littafin da za a iya cusa shi a aljihun gaba.

Bari in warware wa masu karatu, tunda ba kowa ne ya sha lakwal ba. Marubucin sunansa Bernardin de Saint-Pierre, injiniya ne ɗan garin Le Havre. Ya zauna a tsibirin da yanzu ake kira Morishus daga 1768 zuwa 1770, lokacin yana hannun Faransa. Abokin Rousseau ne, mai aƙidar nan ta cewa ɗan Adam da kirkinsa ake haifarsa, birni da kuɗi ne ke lalata shi. Sai ya ce bari ya nuna haka a labari. Ya ɗauko Faransawa mata biyu da duniya ta juya wa baya, ya ajiye su a wani kwari bayan Port-Louis. Ɗaya Madam Latur, 'yar babban gida, ta auri wanda danginta suka raina, ya tafi Madagaska sayen bayi, zazzaɓi ya kashe shi, ya bar ta da ciki. Ɗayar Margarit, 'yar ƙauye, wani mai hali ya yaudare ta ya watsar. Margarit ta haifi Pol, Madam ta haifi Birjini. Yaran suka tashi tare suka so juna. Aka tura yarinyar Faransa wajen gwaggon uwarta mai dukiya don ta ci gado, ta ƙi mijin da tsohuwar ta zaɓa mata, aka koro ta, jirgin da ya ɗauko ta ya tarwatse a kan idon Pol. Iyakar labarin ke nan.

Tun ba mu je ko'ina ba, akwai tambayar da nake so ka kai wa limamin unguwarku a Birni. Littafin da kansa ya faɗa cewa iyayen nan kan yi musayar jariran a nono, wannan ta shayar da ɗan waccan, waccan ta shayar da 'yar wannan, suna murna wai kowane yaro ya samu uwa biyu. Malam, a mazhabar da ni da kai muke bi, ko sau ɗaya nono ya isa cikin jariri an gama magana. Pol da Birjini wa da ƙanwa ne. Auren da kake kukan bai yiwu ba, da a Damagaram ne tun suna cikin zanen goyo tsofaffin mata sun rufe zancensa, ba sai an jira guguwa ba. Su Faransawa ba laifinsu, ba shari'arsu ba ce. Amma kai da ka sauke Iziyya da Risala kafin a kai ka lakwal, shekara da shekaru kana zubar da hawaye a kan auren da in an kira ka ɗaurinsa sai ka tashi ka bar wurin.

Mu zo kan kyan da ya hana ka barci. Tana shekara 12 marubuci ya tsaya ya zana ta: dogon gashi mai ruwan zinariya, idanu shuɗaye, leɓɓa jajaye irin launin murjani, fata sumul. Ka riƙe wannan, sannan ka tuna inda take zaune. Tsibiri ne mai zafi da sauro da ruwan sama. Gidansu bukka ce, ba a sa takalmi sai ranar Lahadi in za a coci. Ita ke wanki a bakin maɓuɓɓuga, ita ke girki, ita ke kai awaki kiwo. Duk macen da ta taɓa wankin gida guda a tsugune ta san abin da ruwa da rana ke yi wa hannu. To ina kaushi? Ina faso? Ina zanen ƙuna a tsintsiyar hannu? Rana ta gasa Pol har marubuci ya yarda ya fi ta duhu, amma ranar nan in ta zo kan Birjini sai ta yi sallama ta wuce. Sauro bai san ɗanɗanon jininta ba. Ƙurajen balaga ba su ga hanyar fuskarta ba. Wannan gashin da ake ta kirari, wa ke tsefe shi, da wane mai? Sau ɗaya dai duwatsu suka yanke ta a ƙafa har jini ya fito, nan ma sai ta tsinko dogayen ganyaye ta naɗe, ciwon ya koma ado.

Ko mutuwa ba ta samu izinin taɓa kyan ba. Guguwar da ta farfasa jirgi ta wurgo gawar bakin gaɓa, aka tarar da ita rabi cikin yashi, kamanni ba su sauya ba, ido a rufe, fuska a natse, hannu ɗaya riƙe da tufafi, ɗayan ya damƙe ɗan hoton da Pol ya ba ta a kan ƙirji. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda aka tsamo mutum daga ruwa, ko a Tiga ko a kududdufin bayan gari, ya san marubucin nan bai duba gawa ba, ya rufe ido ne ya zana abin da yake so.

Da kyan ne kaɗai matsalar da na ƙyale ka. Marubuci na da 'yancin ƙawata tauraruwarsa. Amma ka rufe littafin ka amsa mini: wane abinci Birjini ba ta so? Me ke ba ta dariya har ta riƙe ciki? Ta taɓa yi wa uwarta ƙunƙuni? Ta taɓa ɓoye wani abu don kada Pol ya ci? Ta taɓa yin ƙarya, ko 'yar ƙarama, ko jin ƙyashin rigar wata a coci? Na san amsarka, za ka ce ai wannan shi ne tsarkinta. Ni kuwa na ce wannan shi ne rashinta. Mutum da ɗan karkacewarsa ake gane shi. In ka cire suna daga maganganun Birjini ka manna wa uwarta, ko tsohon maƙwabcinsu da ke ba da labarin, ba wanda zai lura an yi musaya, don bakinsu ɗaya, kuma bakin Bernardin ne. An ce mana yaran ba su iya karatu ba, ba su san agogo ba, da inuwar bishiya suke gane lokaci, da 'ya'yan itace suke ƙirga shekara. Amma da sun buɗe baki sai ka rantse limaman coci ne da suka shekara suna shirya huɗuba. Birjininka kwanon jeren amarya ce, Badamagare. Tana cikin kabad tana walƙiya, baƙi na yabawa, ba a taɓa zuba tuwo a cikinta ba.

Wuri ɗaya ne ta kusa zama mutum, kuma ba zan ɓoye ba, wurin ya yi kyau. Lokacin da ta fara girma, barci ya ƙaurace mata, ta riƙa gudun Pol ba ta san dalili ba, cikin dare mai zafi ta tafi maɓuɓɓuga ta shiga ruwa, ta tuna tare ake musu wanka a nan suna yara, ta firgita da abin da ta ji a jikinta, ta ruga wajen uwarta ta kasa furta sunan yaron. Nan kam jini ya fara gudu a jikin takarda. Sai me ya biyo baya? Iyaye suka tsorata, marubuci ya fi su tsorata. Aka fara shawarar tura Pol Indiya fatauci, sai ga wasiƙar gwaggo, sai ga gwamna La Bourdonnais da jakar kuɗi, sai ga fada ya ce tafiyar nufin Allah ce. Aka ɗora ta a jirgi ba tare da ta yi sallama da shi ba. Ranar da yarinya ta nuna tana da zuciya irin ta mutane, ranar aka fara haɗa mata kaya.

Shi kuma Pol aikinsa bai da yawa: ya dasa itatuwa, ya goya Birjini ya haye rafi da ita, ya yi kuka. Sau ɗaya ya yi fushin 'yan Adam, ya tasa uwar yarinyar gaba ya yi mata baki da teku. Marubucin da bai taɓa amsa masa addu'a ba, wannan ya amsa.

Yanzu zo mu zauna a kan shafin da na tabbata kana saurin wucewa in kana karanta wa yara. Wata safiyar Lahadi iyaye sun tafi coci, sai ga wata baiwa da ta gudo daga ubangidanta. Ta rame ta ƙanjame, tsumma ne ɗaure a ƙugunta, jikinta duk tabon bulala, ta yi kusan wata tana ɓuya a daji ana farautarta da karnuka. Ta faɗi gaban Birjini tana neman taimako. Birjini ta ba ta abinci, madalla. Sai kuma dabara ta zo wa mai kyau: ta ce zo in mayar da ke wajen ubangidanki in roƙa miki gafara. Suka tasa matar nan gaba, suka haura duwatsu har Rivière Noire, suka miƙa ta ga mutumin da ya zane ta, yana tsaye da lofe a baki da sanda a hannu. Ka san me ya sa ya ce ya yafe? Littafin bai ɓoye ba. Ya dubi dirin yarinyar da gashinta, ya ji zaƙin muryarta, ya rantse cewa ya yafe don ita, ba don Allah ba. Kyau ya yi aikinsa, aka tafi ana murna. Daga baya bawan gidansu Domeng, da ya bi sawunsu yana nema, ya ba su labarin yadda ya ga matar: an ɗaure ƙafarta da sarƙa a jikin gungume, an sa mata ƙarfe mai ƙugiya uku a wuya.

Me Birjini ta koya? Ta yi ajiyar zuciya, ta koka cewa aikin alheri da wuya. Shi ke nan. Ba ta koma ba, ba ta aika ba, ba ta kwana tana juyi a kan ita ce ta mayar da matar ba. Kuma a daren nan, da yaran suka ɓata a daji suka kasa tafiya, su wa suka ɗauko su a kan makarar itace har ƙofar gida? Wasu bayi ne huɗu da su ma gudowa suka yi, wai don sun ga halin kirkin da ta nuna. Mutanen da ake farauta da karnuka suka fito daga maɓoyarsu suka ɗauki 'ya'yan Turawa a kafaɗa, don kada ƙafar mai shuɗin ido ta ƙara ciwo. Matar da aka ɗaure kuwa ko suna ba a ba ta ba. Ta shigo littafin don a ga tausayin Birjini, an gani, aka bar ta a gungume.

Abin da ya fi ci mini rai, Bernardin ya san gaskiya. A littafin tafiyarsa na 1773 ya rubuta azabar da ya gani ana gana wa bayi a tsibirin, bai sassauta ba. Amma da ya zo gina aljannarsa, a kan gadon bayan Domeng da Mari ya gina ta. Domeng Bawolofe ne daga Senegal, ɗan yankinmu. Shi ke noman masara da shinkafa da rake da kofi da ake ci ana yabon sauƙin rayuwa. Mari 'yar Madagaska ce, ita ke saƙa kwanduna, ita ke kai 'yan kaya kasuwar Port-Louis. An ɓata shafuka kan bishiyoyin kwakwa biyu da aka dasa ranar haihuwar yaran, amma ba a taɓa tambayar tsohon nan sunan ƙauyensu ba, ko wa ya bari a can. Kai baƙar fata, ɗan Damagaram, ka karanta duk wannan, ka tsallake Domeng, ka tsallake matar gungume, ka je ka ajiye hawayenka a ƙafar mai gashin zinariya. Kai, bawa dai bawa ne.

To, mu je bakin teku, inda tabarau ke sauka. Jirgin Saint-Géran ya makale kusa da gaɓa, guguwa na dukansa, mutane na tsaye suna kallo. Kowa ya yi tsalle ya faɗa ruwa, saura Birjini da wani ƙaƙƙarfan matuƙi. Mutumin nan ya durƙusa gabanta yana roƙo ta rage tufafi ya yi iyo da ita, don kayan Turawan zamanin in sun sha ruwa sai su ja mutum ƙasa. Jama'a na ihu daga tudu ya cece ta. Ta ture shi ta kau da kai. Igiyar ruwa ta taso, shi ya yi tsalle, ita ta dafe tufafi ta ɗaga ido sama.

Mu Hausawa ba wanda zai koya mana kunya. Amma ka tambayi malamin da ka ga dama, daga Zango har Sabon Gari, ko akwai wanda zai ce mace ta zaɓi nutsewa a kan ta rage riga a gaban mai ceto. Larura tana da hukuncinta, rai kuma amana ne. Na san masu kare littafin kan ce ai Faransa ce ta ɓata ta, da ba a kai ta makarantar 'yan coci a can ba, da 'yar tsibirin ta kama hannun matuƙin. Zancen na da ƙamshin gaskiya, sai dai marubucin bai ba da mutuwar a matsayin asara ta wauta ba, mala'ika ya mai da ita, ya sa gwamna da sojoji da 'yan matan gari suka raka gawar suna neman tabarruki.

Ga kuma abin da ba ka gaya wa ɗalibanka. Saint-Géran jirgi ne na gaske, kuma da gaske ya nutse a 1744, amma cikin watan Agusta, ba daren Kirsimeti da marubuci ya mayar da shi ba. Kaɗan ne suka tsira, kuma an rubuta shaidarsu. A cikin shaidar akwai wanda aka roƙa ya tuɓe don ya tsira ya ƙi. Ka san waye? Kyaftin ɗin jirgin ne, namiji, wanda ya ga bai dace da girman muƙaminsa ya fita tudu tsirara ba, ga kuma takardu a aljihunsa. Wato asalin wanda ya mutu don kada ya cire wando wani dattijon jami'i ne mai ji da kansa. In za ka yi kuka bana, ka san wa kake yi wa.

Ni a ganina ba guguwa ce ta kashe Birjini ba, rashin abin yi da ita ne. A ce ta tsira, an ɗaura aure. Sai me? Dole ta yi ciki, ƙafa ta kumbura, ta tambayi Pol kuɗin gishiri, wata rana ta saɓa da Margarit a kan tarbiyyar yaro, gashin nan ya fara zubewa. Dole ta zama mutum, Bernardin kuwa bai tanadi mutum ba. Da ya rasa ta sai ya share gidan kakaf. Pol ya bi ta bayan wata biyu. Margarit ta bi ɗanta bayan kwana takwas. Madam Latur ta ƙara wata guda. Domeng da Mari ba su daɗe ba. Har karen gidan, Fidel, baƙin ciki ya kashe shi. Annoba ma takan bar wani. Duk mutanen nan ba wanda yake da wani dalilin rayuwa nasa na kansa, an zare yarinyar kowa ya zube.

Mutum ɗaya ce mai jini a jika a duk littafin, ita ce gwaggon da ka tsana. Tsohuwa mai rowa, mai ibada, mai riƙo, wadda ta ba gwamna takardar yabon 'yar ɗan'uwanta amma ta cusa sara a cikin yabon. Ta ji tsoron mutuwa ta nemi magajiya, aka ƙi bin umarninta ta kore ta a lokacin guguwa, sannan ta ƙare tsakanin nadama da taurin kai har dangi suka kulle ta suka cinye dukiyar. Wannan kam na san ta. Kowane dangi na da irinta. Ita kaɗai ce a cikinsu za ta iya riƙe shago a Kantin Kwari har azahar.

Shi kansa gwanin naka, bari jama'a su san shi. Shi ne ya rubuta cewa an halicci kankana da layi-layi a jiki don iyali su raba a tsakaninsu, kabewa kuma da ta fi girma don a ci da maƙwabta. Ana ba da labarin cewa da ya fara karanta littafin a zauren Madam Necker, matar ministan kuɗi, manyan baƙi suka shiga hamma, masanin nan Buffon ya duba agogo ya ce a ɗaura masa dawakai. Mai wa'azin soyayyar tsara da tsara yana da shekara hamsin da 'yan kai ya auri 'yar gidan Didot masu ɗab'i, 'yar kimanin shekara 20. Bayan ta rasu, sai a 1800, yana da 63, ya ƙara auro wata mai irin shekarunta. 'Ya'yansa kuwa ya sa musu Birjini da Pol. Ka ga ko shi a ƙarshe ya gane wa da ƙanwa ne.

Ba zan hana shi haƙƙinsa ba. Mutumin ya iya kallon ƙasa. Zafin da ya busar da rafuka, hadarin da ya biyo baya ya kwashe lambu, ƙugin teku kafin guguwa, waɗannan ya gan su da idonsa kuma ya iya faɗa. Bishiyoyinsa sun fi mutanensa rai. Kuma ba kai kaɗai ya kama ba. Manfaluɗi na Masar ya sake zuba labarin cikin Larabci da sunan Al-Fadila, ya sa masu karatun Larabci nasu kukan. Amma ɗan'uwan Bernardin Bafaranshe, Flaubert, ya gano cutar tun 1857. Da ya tashi nuna yadda kan Emma Bovary ya fara juyewa, wannan littafin ya sa mata a hannu tana yarinya. Ta girma tana jiran a so ta irin na takarda, ta raina mijin da ke gabanta, ta ƙare cikin bashi da guba. Shi ya sa na fara da gaida uwargida. Ka riƙa duban wadda ta haifa maka 'ya'ya, mai kaushin da ta samu a tsakar gidanka.

Na san abin da ke bakinka. Za ka ce Bakanuwa ce za ta yi wa wani gorin kyan ƙarya? Gaskiya ne, mu ma muna da namu. Ka ɗauki littafi goma a kasuwa, takwas za ka tarar da ita: fara sol, doguwa, hanci har baka, ido dara-dara, gashi har gadon baya, da 'yar wushirya, sai a ƙara da cewa kamar Balarabiya ko Ba'indiya, sai ka ce kyan Bahaushiya laifi ne. Baƙa kuwa sai dai ta fito a kishiya ko 'yar aiki. Masu sayar da man bilicin ba su taɓa biyan marubutan nan ladan talla ba, kuma sun ci bashi. Wannan faɗan namu ne na cikin gida, muna yin sa, ba sai baƙo daga Damagaram ya tayar mana ba.

Amma a cikin tarin da ka ce bai kai farce ba akwai Rabi ta Balaraba Ramat Yakubu, a Alhaki Kuykuyo Ne, matar da miji ya kora da 'ya'ya tara, ta ɗaura zane ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Tana fushi, tana lissafi, tana gajiya. Ka ɗora ta a sikelin naka mu ga wa zai tashi sama. Ko Sumayyar Ado Gidan Dabino ta In Da So Da Ƙauna, da malamai suka yi ta faɗa don ta faɗa rijiya a kan auren dole, ai mu Kanawa ba mu bar ta a ciki ba. Mun tsamo ta, mun yi jinya, ta auri Muhammadunta. Bakano ba ya asarar tauraruwa, akwai littafi na biyu da za a sayar.

Ku kuwa ban san inda kuka samo sha'awar labarin nutsewa ba. Garin da har Faransawan naka suka kwashe babban birni suka mayar Yamai a 1926, ana cewa har da ƙarancin ruwa cikin dalili. Da a Damagaram Sumayya ta faɗa rijiya, ko zanenta ba zai jiƙe ba.